Karatun Sakandare da Girman Ɗalibi a Ƙasar Katsina

Karatun sakandare shi ne zangon ilimin boko da ke tsakanin firamare da manyan makarantu, kuma a tsarin da Najeriya take bi yanzu shekara shida ne: uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. A ƙa'ida yaro yana shiga da shekara 12 ya fita da 18, ko da yake a ƙauyukan Katsina da Daura akan ga waɗanda suka haura haka saboda shekarun da suka yi a makarantar allo. A cikin wannan zango ne balaga take riskar ɗalibi, murya ta buɗe, azumi ya hau kansa, a gida a fara yi masa kallon mai hankali. Shi ya sa iyaye da malamai suka saba auna shi da ma'auni biyu, karatu da tarbiyya, kuma tarihin sakandare a ƙasar Katsina galibinsa labarin yadda aka haɗa biyun ne a hannu ɗaya, da yadda daga baya suka rarrabu.

Kwalejin Katsina da zamanin Midil

Katsina ta yi suna da ilimi tun kafin zuwan Turawa, da malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda ake kyautata zaton sun rayu a ƙarni na 17. Wannan suna, da goyon bayan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da nisan birnin daga layin dogo da hayaniyarsa, su ne dalilan da aka fi kawowa na kafa kwalejin horar da malamai a nan. Ta soma aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922.

Samari ƙalilan ake ɗauka daga lardunan Arewa, su yi shekara biyar suna kwana a makaranta, ana koya musu Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa. Wasanni suna da matsayi babba a horon, musamman kurket da wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda har yau akwai masu yin sa a birnin. Ahmadu Bello ya yi karatu a nan daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, Abubakar Imam ma a nan ya yi karatu. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga can zuwa Zariya a 1949, inda daga bisani ta samu sunan Barewa, tsohon gininta na Katsina kuma ya zama gidan adana kayan tarihi.

Wajen 1930 aka sake fasalin ilimin Arewa, aka kafa makarantun Midil a larduna ƙarƙashin En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya. Yaro yakan yi shekara huɗu a elementare ana koyar da shi da Hausa, idan ya yi fice a tura shi Midil, wadda ta kwana ce, inda Turanci yake karɓar ragamar koyarwa. Waɗanda suka fito daga kwaleji su ne malaman Midil: Ahmadu Bello ya koyar a ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi, Abubakar Imam kuwa a ta Katsina. A shekarun 1950 aka soma sauya wannan tsari da sakandaren lardi, kuma tafarkin da Muhammadu Buhari ya bi ya nuna sauyin sarai: ya yi firamare a Daura da Mai'aduwa, ya shiga Midil ta Katsina a 1953, sannan Sakandaren Lardin Katsina daga 1956 zuwa 1961, inda ya zama shugaban ɗalibai kafin ya shiga soja, shi da ɗan ajinsu Shehu Musa 'Yar'aduwa. A wancan lokaci ɗan Daura da zai wuce firamare sai ya bar gida yana ɗan yaro, ya yi tafiyar kusan kilomita 80, ba zai sake ganin mahaifiyarsa ba sai hutu.

Tsofaffin ɗaliban wancan zamani suna yawan yabon tarbiyyar da suka samu, kuma yabon yana da tushe. Ɗalibai ba su da yawa, malami ya san kowa da sunan mahaifinsa da garinsu, yana zaune a harabar makaranta yana ganin yadda yaro ke cin abinci, da yadda yake salla, da yadda yake ɗaukar kaye a filin wasa. Sai dai ƙofar matsattsiya ce ƙwarai. Iyaye da yawa suna ƙyamar boko har suna ɓoye 'ya'yansu idan hakimi ko dagaci ya aiko neman yara, masu so kuma babu gurbin da zai ɗauke su duka.

Tsarin yanzu

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kawo yara makaranta da yawan da ba a taɓa gani ba, kuma bayan shekara shida wannan ambaliya ta iso ƙofar sakandare. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta zo da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, wanda ya fara aiki a 1982, ya maye gurbin tsohuwar sakandare mai aji biyar. An tsara ƙaramar sakandare ta yadda yaro zai taɓa aikin katako da na ƙarfe da lantarki da tattalin gida, domin wanda ya tsaya a aji uku ya fita da abin yi, amma a makarantu da dama rashin wuta da rashin malaman sana'a sun sa kayan aikin suka lalace a ajiye. Shirin ilimin bai-ɗaya na 1999, da dokarsa ta 2004, sun haɗa firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara na kyauta kuma na tilas.

Baya ga makarantun Jihar Katsina, wadda aka cire daga Kaduna a 1987, da na al'umma da masu zaman kansu, gwamnatin tarayya tana da kwaleji a Daura, da ta 'yan mata a Bakori, da ta kimiyya da fasaha a Dayi.

Daga juniya zuwa siniya

A makarantar kwana girman ɗalibi yana da matakan da kowa ke gani. Ɗan aji ɗaya yakan iso da akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da bokiti da tsintsiya da fartanya, a cikin akwatin kuma ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da uwa ta ƙulla masa, domin gabzar ɗakin cin abinci ba kullum take riƙe ciki ba. Ƙararrawa ce ke tashinsa sallar asuba, ya share filin da aka yanka masa, ya bi layin ruwa, ya je asambuli, da dare kuma ya zauna firef, wato bitar karatu a aji. Makonnin farko na kewar gida ne da hawaye a ɓoye, ga kiran da ba ya yankewa: "Kai juniya, zo ka ɗebo mini ruwa!" Shi kuwa ba ya kiran na gaba da shi sai ya sa "Siniya" kafin sunan. A haka yake koyon wanki da guga, da tattalin guzurinsa har ya kai ranar ziyara, da zama da yaran da ba garinsu ɗaya ba.

Kafin ya kai aji biyar, wanda ya yi kuka ya zama mai lallashi. Daga cikin manyan ɗalibai ake naɗa firifet na abinci, da na lafiya, da na leba, da na wasanni, da shugaban ɗalibai a samansu. Wannan ne karo na farko da ake damƙa wa matashi iko a kan wasu, kuma a nan halinsa yake fitowa fili, ko ya yi adalci wurin rabon abinci, ko ya huce abin da aka yi masa a kan na ƙasa. Ƙungiyoyin muhawara da kacici-kacici, da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi wadda aka kafa a Legas a 1954, su ne wuraren da yaro mai kunya yake fara tsayawa gaban jama'a ya yi magana. Batun bulala da aiken juniyoyi ana saɓani a kansa: wasu na ganin horo ne, wasu na ganin cutarwa ce.

Mafi yawan ɗaliban yau 'yan jeka-ka-dawo ne, kuma tarbiyyarsu tana hannu da yawa. Da safe boko, da la'asar Islamiyya, Asabar da Lahadi shagon ɗinki ko garejin kanikanci ko rumfar kasuwa, da damina kuma gona. Sau da yawa a waɗannan shekaru ne ake yin saukar Alƙur'ani, wadda a gidaje da dama ta fi bikin kammala sakandare daraja. Wannan rayuwa tana koyar da neman na kai da wuri, amma tana cin lokacin bita, kuma malamin da ajinsa ya cika ya batse ba shi da halin lura da yaron da ya fara janye jiki, ko ya faɗa hannun abokan banza.

Harshe da zaɓen fanni

Babban kogin da ɗalibin ƙasar Katsina yake haurawa shi ne Turanci. Hausa yake ji a gida da kasuwa da masallaci, a firamaren gwamnati da yawa ma da ita ake yin bayani har aji shida, sai ya iso sakandare ya tarar littafi da allo da takardar jarrabawa duk da Turanci suke. Yaro mai kaifin basira yana iya gane darasin kimiyya sarai idan Malam ya juya shi da Hausa, amma ya kasa rubuta amsarsa. Daga nan hadda ba fahimta take samo asali, daga nan kuma wasu suke yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da kai, alhali harshe ne ya tare musu hanya. Wasu makarantu suna cin tarar mai yin Hausa a aji, dabarar da ake jayayya a kan amfaninta. Wanda ya dace da malamin da ya saba masa da karatun littattafai tun a aji ɗaya, galibi shi ne yake haye kogin da wuri.

A farkon babbar sakandare ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, da na adabi da zamantakewa, da na kasuwanci. Iyaye sun fi karkata ga kimiyya saboda burin likitanci da injiniyanci, har akan ɗauka sauran azuzuwan na ragwaye ne, abin da ke tura yaro mai baiwar harshe ko shari'a inda zai sha wahala a banza.

Jarrabawa

Ana kammala ƙaramar sakandare da jarrabawar aji uku. A ƙarshen aji shida akwai ta WAEC, hukumar Afirka ta Yamma da aka kafa a 1952, da ta NECO, wadda aka kafa a 1999, sai NABTEB ga makarantun fasaha da NBAIS ga masu Larabci. Sakamako yana tafiya daga A1 zuwa F9, abin da ake nema kuwa shi ne kiredit biyar, wato C6 ko sama, har da Turanci, galibi kuma da lissafi. Bayan nan sai jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta, abin da ke wahalar da ɗan ƙauyen da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar. Satar amsa matsala ce sananniya a faɗin ƙasa, kuma ɓarnarta takan fito ne a shekarar farko ta jami'a.

'Yan mata

Wajen 1930 aka buɗe cibiyar koyar da 'yan mata a Katsina da goyon bayan Sarki Dikko, amma an daɗe kafin mata su kai sakandare da yawa. Har yanzu ɗaya daga wuraren da aka fi rasa su shi ne tsakanin aji uku da aji huɗu, lokacin da maganar aure da talla da nisan makaranta suke haɗuwa a kan yarinya guda. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko na shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 domin riƙe 'yan mata a sakandare. Shekarun aure batu ne da ba a gama daidaitawa a kansa ba.

Tsaro

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashi ɗalibai zuwa daji, aka sako 344 a ranar 17 ga watan. Gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya rufe makarantun kwana na jihar, a shekarar da annobar korona ta riga ta cinye watanni na karatu, daga baya aka riƙa buɗe su daki-daki. Abin ya fi taɓa yaran ƙananan hukumomin da ke gefen daji, irin su Batsari da Safana da Faskari da Sabuwa, domin ga ɗan ƙauyen da babu babbar sakandare kusa da su, makarantar kwana ce hanyar da ke kai shi aji shida, kuma iyaye da yawa sun daina yarda 'ya'yansu su kwana nesa da gida.