Wayon da ake yi wa tsarin zaɓen alƙalai a gasar muhawarar jami'o'in Amurka

Wane irin tsari ne wannan?

A manyan gasannin muhawara na jami'o'in Amurka, irin gasar muhawara ta ƙasa (NDT) da aka fara a 1947 da gasar ƙungiyar muhawara ta CEDA, kowace tawaga ta mutum biyu tana jera alƙalai bisa yadda take son su tun kafin a fara, yawanci a Tabroom, shafin intanet da ake tsara gasannin muhawara a kansa. Ko dai a jera su daga na ɗaya har na ƙarshe, ko a kasa su aji-aji, tare da 'yan kaɗan da aka yarda ka soke gaba ɗaya. Sai kwamfuta ta nemo alƙalin da ɓangarorin biyu suka ba matsayi mai kyau, kuma matsayin biyu ya zo kusa da juna.

To ta ina wayon yake shiga?

Wajen cika gurbi. Idan an ƙayyade adadin da dole su shiga aji na farko, sai tawaga ta cusa waɗanda ta san da wuya su faɗo mata, misali alƙalin da zai zauna zagaye biyu kacal cikin takwas. Gurbi ya cika, amma a zahiri zaɓinta ya taƙaita ga 'yan gaban goshinta. Akwai kuma mai ƙirƙiro alaƙa, ya ce wane ya taɓa horar da shi, don a cire alƙalin ba tare da ya taɓa kason sokewarsa ba. Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta.

Wayon yana ci?

Wani lokaci. Amma jerin ɗaya ne ga dukkan abokan karawa. Idan masu kafa hujja kan manufofin gwamnati suka haɗu da masu sukar tushen batun ta fuskar falsafa ko launin fata, jerinsu kan yi hannun riga, sai kwamfuta ta gangara tsakiya. Wanda ya jera tsakiyarsa da ka, nan zai kwashi kashinsa a hannu.

Wa ke cutuwa?

Sababbin alƙalai, domin ba a san su ba, sai a tura su ƙasa, su yini a zaune. An daɗe kuma ana kokawa cewa mata da baƙar fata sun fi fuskantar haka.

Me masu shirya gasa ke yi?

Suna auna gurbi da yawan zagayen da alƙali zai zauna maimakon ƙirga kawuna, su kuma fayyace irin alaƙar da ta isa a cire alƙali.