Ma'anar "lotisman" da rabin da ake yar da shi

A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya kunna rediyo a Marwa ko Garwa da ke arewacin Kamaru, ko ya zauna majalisar bayan La'asar, bai ji kalmar "lotisman" ba. Dillali yana tallar fili da ita, ɗan siyasa yana alkawari da ita, kuma kusan kowa abu ɗaya yake nufi: an zo da igiyar awo, an kafa turaku, an yanka gona gida-gida. Wannan fahimtar tana damuna ƙwarai, domin ta riƙe rabin ma'anar, ta yar da rabin da ya shafi lafiyar mutane.

Kalmar ta Faransanci ce, lotissement, tushenta kuwa lot, wato kason da ya faɗa wa mutum, kuma daga nan ne loterie ta fito, saboda a da ƙuri'a ake jefawa kafin a raba. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda "rabo" a bakinmu ma tana ɗauke da kaso da sa'a. Sai dai duk wanda ya taɓa halartar rabon gado ya san ba a raba gida a manta da zaure da rijiya da hanyar da kowane magaji zai bi ya fita, kuma sau da yawa gwanintar mai rabo tana bayyana ne a abin da ya ƙi rabawa, ya bar wa kowa. Haka lotisman take. Tituna, da magudanan ruwa, da filin makaranta, da inda ƙazanta za ta tafi, su ne zauren da rijiyar. Idan babu su, abin da aka yi sunansa gutsuttsura fili, ko da mai awo ya buga hatimi goma.

Dokar tsara birane ta Kamaru, ta 21 ga Afrilu 2004, ta ce duk yankan da ya wuce filaye huɗu sai hukuma ta amince da shi, in ba haka ba takardunsa ba su da ƙarfi. Ita ce kuma ta hana gini a ƙasar da ambaliya ke yi wa barazana, sai da sharuɗɗa na musamman. Tun 1974 ma dokar ƙasa ta soke cinikin filin da mai sayarwa ba shi da takardar mallakarsa, wadda muke kira titir fonsiye. Mayar da gona unguwa kuwa wani mataki ne dabam, wanda taswirar amfani da ƙasa ta gari, wadda ma'aikata ke kira POS, take yanke hukuncinsa, kuma shaidar jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, duk da darajarta, ba ta maye gurbinsa.

Inda abin ya fi tsanani shi ne ƙasar karal, baƙin laka da ke kewaye da Marwa, wadda manoma ke dasa masakwa a cikinta bayan ɗaukewar damina. Abin da ya sa take haifar da dawa a rani shi ne riƙe ruwa: da damina tana kumbura ta toshe, da rani ta tsattsage. Wannan halin da ya zama albarka ga manomi shi ne masifar mai masai, domin ramin da aka haƙa a irin wannan ƙasa ba ya tsotse abin da aka zuba masa, sai ya cika a watan Agusta ya tumbatsa cikin lungu, daga nan ruwa ya kwashe shi zuwa kogin Mayo Kaliyawo ko Mayo Tsanaga, inda mutane ke tonon yashi su ɗebi ruwa idan rani ya yi. Garin ba shi da babban bututun da ke tattara ƙazantar gidaje, saboda haka kowane sabon gida sabon rami ne. Masana tsabta suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, alhali filin da yake mita 20 sau 20, ko daga kusurwa zuwa kusurwa aka auna shi, bai kai mita 29 ba. Ke nan mutum ɗaya ba zai iya kare rijiyarsa shi kaɗai ba, ko da ya fi kowa tsabta. Dole a tsara wa unguwar gaba ɗaya tun kafin a kafa turke na farko. Wanda ya ga annobar kwalara ta 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane a jihar Arewa Mai Nisa, ba ya ɗaukar wannan lissafi da wasa.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji an kira maƙwabta masu hassada don sun yi tambaya. A bayan unguwarmu, da aka fara yanka wata gonar masakwa da ke sama da mu, wani dattijo ya tari mai filin cikin ladabi ya ce masa, "Alhaji, ruwan wankan mutanenka da na masansu, ina zai bi?" Amsar da ya samu ita ce, "Baba, ai an riga an yi lotisman." An ɗauki kalmar da ya kamata ta ƙunshi amsar tambayarsa, an rufe masa baki da ita. Dattijon yana da haƙƙin ya ce a nuna masa taswirar da hukuma ta sa wa hannu, ya ga faɗin titi, ya bi layin magudana da yatsa har inda ya ƙare. An nuna masa takarda mai murabba'ai da lambobi, babu layin ruwa ko ɗaya a kanta, rijiyarsa kuma tana gangare, a bayan katangar fili na farko.