Waiwaye: Daga Zariya Zuwa Gambiya, Yadda Binciken Greenwood Ya Iso Katin Rigakafin 'Ya'yanmu

Duk uwar da ta taɓa bin layi a asibitin shan magani a Tudun Wada ko Rigasa ranar rigakafi ta san allurar da ake yi wa jariri a cinya yana da mako 6, a sake a mako na 10, a ƙara a na 14. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa tarihin biyu daga cikin waɗannan allurai, masu kare yaro daga ciwon huhun da muke kira sanyin haƙarƙari ko nimoniya, ya ratsa ta cikin jihar nan ta Kaduna.

Brian Greenwood likita ne ɗan Ingila da aka haifa a 1938. Ya fara aiki a Ibadan a 1965, sannan a 1970 ya zo Zariya, inda ya shafe kimanin shekara goma yana cikin waɗanda suka ɗora tubalin tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar Ahmadu Bello. A can ya yi ido biyu da sanƙarau, musamman annobar 1977 da shi da abokan aikinsa suka bi diddiginta suka wallafa sakamakon. Aikin na Zariya ya karkata ne ga sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, amma a ganina shi ne ya share masa fagen abin da ya biyo baya, domin ƙwayoyin cutar da ke kai wa huhun yaro hari, wato nimokokas da wadda ake taƙaita sunanta da Hib, su ma suna haurawa zuwa lulluɓin ƙwaƙwalwa su haddasa sanƙarau.

A 1980 ya koma Gambiya ya jagoranci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke Fajara na tsawon shekara 15. Binciken da aka yi a ƙauyukan ƙasar yana cikin waɗanda suka ƙarfafa wata hanya mai sauƙin gaske: ma'aikaciyar lafiya ta ɗaga rigar yaro, ta kalli agogo, ta ƙirga numfashinsa na minti guda. Idan ɗan wata 2 zuwa 11 ya ja numfashi sau 50 ko fiye, ko kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya shaƙi iska, to ba mura ba ce da za a ce a bari ta wuce da hunturu. Ba a buƙatar hoton ƙirji, ba a buƙatar wutar lantarki.

Sai gwaje-gwajen rigakafi guda biyu da suka fi kowane aiki nasa tasiri a wannan fanni. Na farko, wanda ya ƙunshi jarirai sama da dubu 42 aka kuma wallafa shi a mujallar Lancet a 1997, ya nuna cewa allurar Hib tana rage ciwon huhun da hoto ya tabbatar da kusan kashi ɗaya cikin biyar, abin da ba a zata ba, tunda a Turai da Amurka an fi ɗaukar ƙwayar a matsayin mai kawo sanƙarau. Na biyu, wanda aka yi a gabashin Gambiya da yara fiye da dubu 17 aka wallafa a 2005, lokacin da Greenwood ya riga ya koma Landan amma yana cikin masu binciken, ya nuna cewa allurar nimokokas ta rage irin wannan ciwon huhu da kashi 37 cikin ɗari, ta kuma rage mutuwar yara gaba ɗaya da kashi 16. Wannan adadi na ƙarshe ne ya girgiza masu riƙe da lalitar tallafi.

Gambiya ta sa allurar Hib cikin rigakafin yau da kullum tun 1997, ta nimokokas kuma a 2009. Najeriya, inda mutumin ya fara koyon halin waɗannan cututtuka, sai a 2012 ta fara ba da Hib cikin allurar nan mai haɗe da magani biyar da ake kira fenta, ta nimokokas kuwa ta soma ne a ƙarshen 2014, jiha bayan jiha. Tsakanin fitar sakamakon gwajin Hib da isowar allurar cinyar jaririn Kaduna, shekara 15 ta shuɗe.