Sojan wata ƙasa da ya ajiye bindiga ya ƙetaro iyaka: a ba shi mafaka ko a maida shi?

A wata fada da nake zama da yamma a unguwar Zariya nan Maraɗi, hira ta kai mu ga samarin Rasha da suka kwarara ƙasashen Jojiya da Kazakistan a watan Satumba na 2022, bayan da gwamnatinsu ta kira mutum 300,000 zuwa yaƙin Yukren. Gardama ta kaure tun shayin farko har na uku. Ga tambayoyin da samarin suka yi mini, da amsar da na ba su.

Malam, wane irin soja ake magana a kai?

Kashi uku ne, kuma mutane na haɗe su. Akwai saurayin da ake so a tilasta wa shiga soja ya gudu tun bai sa kaki ba. Akwai wanda ya riga ya yi rantsuwa, yana cin albashi, aka tura shi yaƙin da zuciyarsa ta ƙi, ya sulale. Sai kuma rundunar da wuta ta koro ta ƙetare iyaka don tsira, kamar ɗaruruwan sojojin Mali da Kanar Alhaji Ag Gamu ya shigo da su Nijar a 2012 bayan faɗuwar Kidal. An karɓe makamansu, an sauke su kusa da Yamai, a farkon 2013 suka koma bakin daga. Su ba su ƙi yaƙin ba, ƙarfi aka fi su. Kashi na biyun nan, na wanda ya yi rantsuwa ya sulale, shi ne mai wuyar sha'ani, don babu ƙasar da dokarta ba ta ɗauki tserewar soja laifi ba.

An taɓa samun ƙasar da ta buɗe masu ƙofa?

Kanada ta yi, lokacin yaƙin Biyetnam. A 1969, zamanin firaminista Piyer Turudo, aka daina tambayar Ba'amurke mai neman zama ko yana da bashin aikin soja a kansa, dubun-dubatar samari suka shiga. Suwidin ma ta karɓi wasu. A 1977 shugaban Amurka Jimmy Carter ya yafe wa waɗanda suka guje wa kiran soja, amma afuwar nan ba ta haɗa da waɗanda suka tsere daga cikin kaki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Kanada ɗin nan ta juya baya a yaƙin Iraƙi. Kanada ta ƙi shiga yaƙin 2003. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, da bakinsa ya ce a 2004 yaƙin ya saɓa wa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka, da wani sojan Amurka mai suna Jeremy Hinzman ya kwashi matarsa da ɗansa ya isa Kanada a farkon 2004, hukumar ƴan gudun hijira ta ƙi sauraron hujjarsa ta cewa yaƙin haramtacce ne, ta kuma ƙi ba shi mafaka. Kotu ta mara mata baya da cewa halacci ko haramcin yaƙi nauyin shugabanni ne, ƙaramin soja ba ya ɗaukarsa. Majalisar dokokin ƙasar ta kaɗa ƙuri'a a 2008 da 2009 tana neman a bar irin waɗannan sojoji su zauna, gwamnati ta toshe kunne. Robin Long, wani sojan Amurka da aka tasa ƙeyarsa daga Kanada a 2008, ɗaurin wata 15 kotun soja ta yanke masa.

To doka me ta ce?

Yarjejeniyar Janeba ta 1951 kan ƴan gudun hijira tana kare wanda ake tsangwama saboda ƙabila, addini, asalin ƙasa, rukunin jama'a ko ra'ayin siyasa, kuma sashe na 33 ya hana a maida shi inda ransa ko ƴancinsa ke cikin haɗari. Tsoron harsashi ko ƙin aikin soja kaɗai ba ya mai da mutum ɗan gudun hijira. Amma jagorar da HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, ke aiki da ita ta buɗe ƙofa: in hukuncin da ke jiransa ya wuce kima saboda ƙabilarsa ko aƙidarsa, ko kuwa aikin da aka sa shi na cikin abin da duniya ta yi tir da shi, kamar kashe fararen hula, to yana iya samun mafaka.

Mu a Afirka muna da ƙari. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ma'anar, ta shigo da wanda mamaya ko babbar tarzoma ta kore shi. Nijar ta sa hannu a duka biyun, tana da dokarta ta 1997 da kwamitin ƙasa da ke tantance masu nema.

A lura, babu inda aka ce "yaƙin da jama'a ba sa so". Ƙin jinin yaƙi abu ne mai hawa da sauka kamar ruwan Gulbi. Abin da alƙali ke nema shi ne: me aka umarce ka ka yi, me kuma zai same ka in ka koma?

Amma ba ragonci ba ne? Addini ma ai ya hana gudu daga fagen fama.

Ya hana, kuma ban raina wannan tambaya ba. Suratul Anfal ta yi kashedi mai tsanani ga mai juya baya ranar karo, hadisi ya lissafa shi cikin manyan zunubai bakwai. Uwar da ɗanta ya tsaya ya mutu a Difa tana da haƙƙin jin zafin wanda ya bar abokansa a rami. Sai dai malamai sun yi maganar ne kan yaƙin gaskiya. Addinin nan ɗaya ya ce babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci. Sojan da aka ce ya cinna wa rumbunan talakawa wuta ya ce a'a, alhali ya san kurkuku ko harbi ke jiransa, ni ban iya kiransa rago. Ku tuna kuma Najjashi na Habasha: Ƙuraishawa sun aiko masa da kyaututtuka a maido masu mutanensu, ya ce sai ya ji ta bakinsu tukuna. Da ya ji, ya hana.

Ƙasar da ya baro ba za ta ɗauke shi tsokana ba?

Za ta ji haushi. Shi ya sa yarjejeniyar 1969 ta rubuta ƙarara cewa ba da mafaka aikin jin ƙai ne, kada wata ƙasa ta ɗauke shi gaba. Ta kuma ɗora wa mai masauki sharaɗi: ya nisanta baƙon daga iyaka, ya hana shi shirya wa ƙasarsu maƙarƙashiya.

In fa hannunsa da jini, ko ɗan leƙen asiri ne?

Nan ne tsoron mutanen Madarunfa da Gidan Rumji yake, kuma tsoro ne mai tushe. Wanda ƴan bindiga suka kwashe wa shanu, aka ɗauke masa mata don kuɗin fansa, ba ka ce masa ya yarda da duk wanda ya iya harbi don kawai ya ce ya tuba. Ƙasashen da ke maƙwabtaka da Rasha irin su Litoniya da Estoniya wannan dalilin suka kawo da suka rufe ƙofa a 2022. Doka ba ta manta da shi ba. Wanda akwai ƙwaƙƙwaran dalili cewa ya aikata laifin yaƙi ba ya cikin masu mafaka, kotu ce makomarsa. Mai makami kuma ba a haɗa shi da mata da yara a zango. A karɓe bindigar, a keɓe shi, a ɗauki lokaci har a tabbata ya bar yaƙi da gaske. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda tantancewa na da wuya, a kore su duka. Na farkon da za a jefa wa wuta ke nan shi ne wanda ya gudu tun kafin ya kashe kowa, don shi ba shi da kuɗi, ba shi da lauya, ba shi da wani sirri da zai sayar.

Kai a ganinka, in gobe irin wannan soja ya ɓullo ta iyakar Ɗan Isa, me za a yi?

Ku dubi garin da muke zaune. Katsinawan da jihadi ya kora daga birninsu wajen 1807 su suka kafa sarautar nan, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa suka zauna Tibiri. Kakanninmu sun iso nan ne da takubba a kafaɗa, yaƙi ya ci su. Tun 2019 kuma dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina sun shigo, ƙauyukanmu suka raba hura da su kafin motar agaji ta iso, daga baya aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari, nesa da iyaka. Mun san aikin, ba yau muka fara ba.

Don haka jandarma ya karɓi makamin, ya rubuta sunansa, a ba shi ruwa ya sha. A ɗauke shi daga bakin iyaka. A sama masa tafinta, a ji ta bakinsa: wace runduna, wane umarni, wace rana ya ƙi. Takardarsa ta tafi Yamai gaban kwamitin tantancewa, in an ƙi shi a bar masa damar ɗaukaka ƙara. In ƙasarsa na nemansa, ta aiko da hujjarta a rubuce ta hannun shari'a. Kafin a yanke, kada kowa ya sa shi a mota da dare ya miƙa shi ga kwamandan da ya gudo wa.