Zana taswirar ɗinki da manhajar bekta

Taswirar ɗinki ita ce zanen sassan tufa a shimfiɗe, wato gaba da baya da hannu da kwala da aljihu, kowanne da ainihin girmansa, wanda ake ɗorawa a kan yadi a bi gefensa da almakashi. Zana ta da manhajar bekta na nufin a yi wannan aiki a kwamfuta maimakon a kan takarda ko kwali, da manhajar da ke adana kowane layi a matsayin lissafi, irin su Adobe Illustrator da CorelDRAW da Inkscape da Affinity Designer. Ba don teloli aka ƙirƙiri waɗannan manhajoji ba, domin asalinsu na masu zanen tambari ne da masu tsara shafukan bugu, amma ƙananan masu sana'a da masu sayar da taswira ta intanet sun rungume su saboda sun fi manhajojin masana'antar tufafi araha nesa ba kusa ba.

Bekta da hoto

Hoton da kyamara ta ɗauka tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi, shi ya sa yake dusashewa idan aka faɗaɗa shi. Zanen bekta kuwa ba ya adana ɗigogin launi, sai dai wurin da layi ya fara, da wurin da ya ƙare, da yadda ya lanƙwasa a tsakani. Saboda haka layin da aka ba tsawon santimita 42 zai ci gaba da zama santimita 42 ko an kalle shi a allon waya ko an buga shi a babbar takarda, muddin ba a taɓa ma'aunin bugu ba. Wannan riƙon awo shi ne abin da ya sa bekta ya dace da ɗinki, sana'ar da kuskuren rabin santimita a kafaɗa yake bayyana a jikin mai riga.

Tarihi

Rubuta ilimin yanka a takarda tsohon abu ne a Turai. Wani tela ɗan ƙasar Sifaniya mai suna Juan de Alcega ya wallafa littafi a Madrid a 1580, inda ya nuna yadda ake jera sassan tufa a kan yadi mai faɗi daban-daban domin rage asara, kuma ana lissafa shi cikin littattafai mafiya daɗewa da suka rage a wannan fanni. Zane-zanen irin waɗannan littattafai ƙanana ne, sai tela ya faɗaɗa su da kansa. Tef ɗin awo mai lambobi ya yaɗu a hannun teloli ne wajen farkon ƙarni na 19, kuma daga nan aka samu tsare-tsaren yanka masu yawa waɗanda suke fitar da sauran awon jiki daga awon ƙirji.

Taswirar takarda ta sayarwa ta bunƙasa a Amurka bayan shigowar keken ɗinki gidaje. Elias Howe ya yi rajistar kekensa a 1846, Isaac Singer ya biyo baya a 1851, sai matan gida suka samu abin ɗinki mai sauri amma ba su da ilimin yanka. Ellen Demorest ta fara sayar da taswirorin takarda wajen 1860. A 1863 Ebenezer Butterick, tela a jihar Massachusetts, ya fitar da taswirori masu girma daban-daban na tufa guda, ya kuma koma buga su a takarda mai shara-shara wadda ake iya naɗewa a aika ta gidan waya. James McCall ya kafa nasa kamfanin a 1870, kamfanin Simplicity ya zo a 1927. A Jamus, mujallar da Aenne Burda ta kafa a garin Offenburg ta fara saka manyan takardun taswira a cikinta a 1952, inda ake buga sassan tufafi da yawa a kan juna, mai ɗinki ya bi layin da yake so ya kwafe shi. Wannan dabara ta tara layuka da yawa a shafi guda, a bambanta su da launi ko da salon layi, ita ce ta sake bayyana a fayilolin kwamfuta na yau.

Ɓangaren lissafin kuwa daga masana'antar mota ya fito. Paul de Casteljau, masanin lissafi a kamfanin Citroën na Faransa, ya samar da hanyar bayyana layi mai lanƙwasa da 'yan ɗigogi kaɗan wajen 1959, amma kamfanin ya riƙe aikin a matsayin sirri. Pierre Bézier, injiniya a Renault, ya kai ga irin wannan sakamako a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana shi ga jama'a, don haka sunansa ne ya bi layin. Abin da suke nema shi ne yadda za a siffanta jikin mota daidai ga injin yanka ƙarfe, matsalar da ta yi kama da ta tela, domin dukansu suna son lulluɓe abu mai tudu da kwari da shimfiɗaɗɗen abu. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna Sketchpad, shirin da mutum ke zana layuka da shi kai tsaye a allon kwamfuta, a jami'ar MIT ta Amurka.

Masana'antar tufafi ta shiga wannan fage ta ƙofar yanka. H. Joseph Gerber, wanda aka haifa a Vienna ya yi hijira zuwa Amurka a 1940, ya ƙera injin da kwamfuta ke sarrafawa mai yanka tarin yadi a lokaci guda, a ƙarshen shekarun 1960. Injin irin wannan yana buƙatar taswira cikin lambobi, sai aka fara ɗora tsofaffin taswirorin kwali a kan tebur na musamman ana shigar da ɗigoginsu ɗaya bayan ɗaya. An kafa kamfanin Lectra a yankin Bordeaux na Faransa a 1973, kamfanin Gerber ya fitar da manhajar AccuMark a 1988, kuma a 2021 Lectra ya sayi Gerber Technology. Waɗannan kayan aiki na manyan masana'antu ne, kuɗinsu ya fi ƙarfin tela ɗaya.

Ƙofa ta buɗe wa ƙananan masu sana'a ne a hankali. Adobe ya fitar da Illustrator a 1987, kamfanin Corel na Kanada ya fitar da CorelDRAW a 1989, tsarin fayil na PDF ya zo a 1993, aka amince da SVG a matsayin tsarin bekta na intanet a 2001, sannan Inkscape, wadda kyauta ce kuma kowa na iya duba rubutaccen shirin da aka gina ta da shi, ta fito a 2003. Sayar da taswira a matsayin fayil ɗin PDF da mai saye zai buga a gida ya yaɗu ne daga wajen ƙarshen shekarun 2000.

Yadda ake zanawa

Aiki yana farawa da saita ma'auni, santimita ko inci, da buɗe fili mai girman da zai ɗauki tufar a ainihin girmanta. Daga nan mai zane yana gina abin da ake kira tubali, wato taswirar asali wadda ta bi jiki ba tare da ado ba, kuma daga gare ta ake fitar da sauran salo. Ana fara shi da murabba'i da layukan jagora. Idan ƙirji santimita 96 ne, aka ƙara 8 domin jiki ya samu sakewa, an samu 104, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, wato 26, shi ne faɗin rabin gaba. Ana zana rabi ne kawai, domin manhaja tana iya juya shi ta fitar da ɗaya rabin daidai wa daida. Siket mai cikakken da'ira ya fi sauƙi: ƙugu mai santimita 72 idan aka raba shi da 6.28, adadin da ake raba kewayen kowace da'ira da shi domin samun nisan tsakiyarta zuwa gefe, yana ba da kusan 11.5, wanda shi ne nisan daga tsakiyar da'ira zuwa layin ƙugu.

Wahalar tana cikin lanƙwasa, wato wuya da ramin hannu da kan hannun riga da hantsar wando. A takarda tela yana jan waɗannan da rula mai lanƙwasa ko da hannu kawai, ido yana yi masa jagora. A manhaja kowane yanki na layin Bézier yana da ɗigogi huɗu: biyu a bakinsa, biyu kuma mariƙai ne da ba sa kan layin amma suna jan sa zuwa gare su. Tsawon mariƙi yana ƙayyade zurfin lanƙwasa, inda ya fuskanta kuma yana ƙayyade inda layin zai nufa sa'ad da ya bar ɗigon. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a rage yawan ɗigogi gwargwadon iko, domin ramin hannu da aka ja da ɗigogi uku ya fi santsi a kan wanda aka ja da goma, kuma kowane ɗigo na banza wuri ne da layi zai iya karyewa. Haka kuma layin wuya mai zagaye dole ya haɗu da layin tsakiyar gaba a kusurwa mai digiri 90, in ba haka ba idan aka buɗe yadin da aka ninka sai a ga tsini ko ɗan rami a tsakiyar wuya.

Bayan zane sai daidaita gefuna. Duk gefe biyu da za a ɗinke tare sai an auna su, kuma a nan kwamfuta ta fi tef, domin tana faɗin tsawon layi mai lanƙwasa har zuwa milimita. Ba kullum ake son su zo daidai ba. Kan hannun kwat, alal misali, galibi yana fin ramin hannu tsawo da 'yan santimita, kuma wannan rarar ce ake shigarwa a hankali wajen ɗinki domin kafaɗa ta yi tudu mai kyau. Manhajar bekta ba ta san wannan ba, ba ta kuma san cewa wannan layi da wancan abokan juna ne ba, saboda haka idan aka gyara ramin hannu aka manta da hannun, babu abin da zai yi gargaɗi. Juya dat, wato ninkin da ke ba riga siffar ƙirji, daga gefe zuwa kafaɗa ana yin sa ne kamar yadda ake yi a takarda, a yanka sashen a juya shi a kan ɗigon ƙirji har tsohon ninkin ya rufe sabon ya buɗe.

Rarar ɗinki, wadda teloli kan kira alawus, ana ƙara ta da umarnin da ke fitar da sabon layi a nisa ɗaya daga na asali ta kowane gefe. Manyan kamfanonin Amurka sun saba da kashi biyar cikin takwas na inci, kusan santimita 1.5, wasu masu zane suna ba da santimita 1, mujallun Turai da dama kuwa ba sa sakawa sam. Layin da manhaja ke fitarwa kusantawa ce kawai, yakan zo da ɗigogi masu yawa da kusurwoyi masu tsini da ke buƙatar gyara da hannu. A ƙarshe ana saka kibiyar da ke nuna tsayin zaren yadi, da alamomin haɗi, da sunan sashe, da adadin da za a yanka.

Jeranta girma

Faɗaɗa taswira gaba ɗaya da kashi kaza cikin ɗari ba ya ba da girma na gaba, domin jikin mutum ba ya ƙaruwa daidai ta kowane ɓangare: ƙirji yana ƙaruwa sosai, wuya da kafaɗa kaɗan. Don haka kowane ɗigo ake matsarwa da nasa adadi. A tsarin Jamus tazarar ƙirji tsakanin girma 36 da 38 da 40 santimita 4 ce, wato 84 da 88 da 92, kuma santimita 1 ke faɗa wa kowane kashi ɗaya cikin huɗu na riga. Wasu masu zane suna zana mafi ƙanƙanta da mafi girma, su bar manhaja ta cike na tsakani. Ana ajiye kowane girma a shimfiɗarsa daban, wato rukunin layuka da ake iya nunawa ko ɓoyewa a fayil, domin mai saye ya kashe waɗanda ba ya buƙata kafin bugu.

Bugu da matsalar ma'auni

Ana raba fayil iri biyu: wanda aka yanyanka zuwa shafukan A4, masu milimita 210 da 297, ko takardar Amurka mai inci 8.5 da 11, a buga a gida a manna da gam ko salatif. Da kuma na A0, mai milimita 841 da 1189, wanda ake kai wa shagon da ke da babbar na'urar bugu. Kusan kowace taswira tana ɗauke da murabba'in gwaji, sau da yawa mai santimita 10, wanda ake aunawa da rula kafin a taɓa yadi. Dalili shi ne na'urar bugu takan rage shafi da kanta domin ya shiga takarda, kuma ragin kashi 3 cikin ɗari yana cinye santimita 3 daga ƙirji mai santimita 100. Akwai kuma saɓani tsakanin manhajoji: Illustrator tana lissafa ɗigon awo 72 a inci, Inkscape kuwa ta koma 96 daga 90 a fitowarta ta 0.92 a 2017, don haka fayil ɗin SVG da ya ratsa daga wannan zuwa waccan yana iya canza girma ba tare da an lura ba. Masana'antu suna musayar taswira da wani nau'in fayil na DXF da aka tsara musamman domin tufafi. A 'yan shekarun nan wasu masu ɗinki a gida suna rataye majigi a saman tebur, su haska taswirar kai tsaye a kan yadi.

Duk da daidaiton lambobi, ana ɗinka gwaji da akoko ko wani yadi mai araha kafin a amince da taswira.

Manhajoji masu bin awo

Akwai rukuni na dabam da ke adana taswira a matsayin jerin ƙa'idoji, ta yadda idan aka canza awon mutum zanen zai sake gina kansa. Valentina, wadda aka fara wajen 2013, tana cikinsu. Saɓani tsakanin masu aikin ya raba ta biyu a 2017, ɗaya reshen ya zama Seamly2D. FreeSewing, da Joost De Cock ya assasa a Beljiyam, yana fitar da taswira daga rubutaccen shirin kwamfuta. CLO na Koriya ta Kudu da Browzwear suna ɗora taswira a jikin mutum-mutumi a allo domin a ga yadda yadi zai zuba.

Haƙƙin mallaka

Zane da rubutun bayanin da ke cikin fayil suna samun kariya a ƙasashe da yawa. Ko mai taswira yana da ikon hana sayar da tufar da aka ɗinka da ita, wannan ana jayayya a kai, kuma dokoki sun bambanta.

A ƙasar Hausa

Yawancin teloli a Kano da Zariya da Maraɗi suna yanka ne kai tsaye a kan yadi da tef da alli, ba tare da taswira ba, kuma tufafi irin su babbar riga, waɗanda gininsu ya dogara ga miƙaƙƙun sassa, ba sa buƙatar lanƙwasa mai yawa. Inda taswira ke da amfani shi ne ɗinkin da ake maimaitawa da yawa, kamar kayan makaranta da na ma'aikata, da kuma ɗinkin mata mai bin jiki. CorelDRAW sananniya ce a shagunan buga takardu na Nijeriya, inda ake tsara katin biki da kalanda da ita, kuma kayan aikinta na jan layi da aunawa su ne dai waɗanda zanen taswira ke buƙata.