Kafara a koyarwar Kirista

Kafara, a koyarwar Kirista, ita ce hanyar da ake shafe zunubi, a sulhunta mutum da Allah. Daga Larabci Hausa ta aro kalmar, kuma Musulmin Maraɗi sun san ta da ma'anar azumi ko ciyarwar da mutum kan yi in ya karya rantsuwa. A bakin Kiristoci ma'anar ta juya: ba mai laifin ne ke biya ba, wani ne ke biya dominsa. Suna kuma kiran wannan fansa.

Zunubi da bautar gumaka

Littafi Mai Tsarki ya ɗauki bautar gumaka a matsayin uwar zunubai. Da hana ta aka buɗe Dokoki Goma a Fitowa sura 20, amma ba a yi nisa ba, a sura 32, sai ga Isra'ilawa sun narka ƴan kunnensu sun ƙera maraƙin zinariya. Annabi Ishaya, a sura 44, ya yi wa mai sassaƙa ba'a: itace ɗaya ya raba, ya gasa nama da rabi, ya durƙusa wa rabi. Manzo Bulus ya faɗaɗa zancen har ya kira kwaɗayi bautar gumaka a wasiƙarsa ga Kolosiyawa. A wasiƙar Romawa kuma ya ce dukan mutane sun yi zunubi, kuma hakkin zunubi mutuwa ne.

Tarihin koyarwar

Tushenta yana cikin Littafin Firistoci sura 16. Sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, babban firist kan kawo bunsuru biyu. Ya yanka ɗaya ya shiga da jinin Wuri Mafi Tsarki, wato ɗakin can ciki na wurin ibada, ɗayan kuwa ya ɗora masa hannu ya furta laifofin jama'a a kansa, a kora shi jeji. Wasiƙar Ibraniyawa ta ce jinin bijimai da awaki ba ya iya kawar da zunubi, don haka mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye ce hadayar da aka miƙa sau ɗaya tak.

Agustin (354 zuwa 430), bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, shi ya ƙarfafa aƙidar cewa ɗan Adam yana gadon zunubi tun daga Adamu. Wani malamin Kirista mai suna Felajiyus ya musa, amma taron bishop-bishop na birnin Kartaj a 418 ya ƙi ra'ayinsa. Wajen 1098 Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya yi bayani cewa zunubi bashi ne: mutum ake bi, amma Allah kaɗai ke da ƙarfin biya, shi ya sa mai fansa ya zama Allah kuma mutum. Abelad, wani malamin tauhidi na Faransa, ya fi karkata ga cewa gicciye nunin ƙauna ne mai sauya zuciya. A ƙarni na 16 Kalvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, ya jaddada cewa Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya cancanci mai zunubi, kuma wannan fahimta ce ta fi rinjaye a wa'azin ikilisiyoyin bishara.

A ƙasar Maraɗi

Mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), ƙungiyar masu wa'azin bishara, ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta buɗe tasha a Tsibiri ta Gobir wajen ƙarshen shekarun 1920. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Masu wa'azi sun tarar da Anna, wato Hausawa masu bin addinin gargajiya, masu yi wa iskoki yanka, da kuma ƴan bori, suka sa al'adunsu cikin bautar gumaka, ko da yake ba gunkin sassaƙa ne ginshiƙin wannan bauta ba. A 2001 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Maraɗi, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop ɗaya.

Saɓani

Musulunci bai yarda da gadon zunubi ba, bai kuma yarda an gicciye Annabi Isa ba. Tsakanin Kiristoci, taron bishop-bishop na birnin Nikiya a 787 ya halatta girmama siffofin tsarkaka. Yawancin Furotesta ba su karɓa ba, don gudun bautar gumaka.