Kayan jabu a cinikin intanet a Maradi

Kayan jabu su ne kayan da aka ƙera ko aka haɗa, aka sa musu suna ko tambarin wani kamfani ba da izininsa ba, domin mai saye ya ɗauka na asali ne. Sun bambanta da kayan kwaikwayo masu araha waɗanda ake sayarwa a fili da sunansu da farashinsu, sun kuma bambanta da algus, wato gauraya mai kyau da maras kyau kamar yadda ake yi wa zuma ko man gyaɗa ko turare. A Maradi matsalar ta daɗe, amma ta sake salo tun da ciniki ya shiga wayar salula, domin yanzu mai saye yana iya biyan kuɗi a kan hoto kawai, bai taɓa kayan ba, bai kuma san ƙofar shagon mai su ba.

Tarihi

Maradi gari ne da kasuwanci ya raina. An kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, wajen 1819 bisa ga abin da aka fi ambata, lokacin da zuriyar sarakunan Katsina suka zauna a nan bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A zamanin mulkin mallakar Faransa garin ya zama babbar cibiyar sayen gyaɗa, kuma bayan ambaliyar 1945 da ta rushe tsohon gari a bakin gulbi aka koma kan tudu, inda kasuwa da kantuna suka bunƙasa. Daga cinikin gyaɗa ne manyan Alhazan Maradi suka samu jarinsu na farko. Da noman gyaɗa ya ja baya sakamakon farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da yawansu suka juya ga shigo da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, musamman atamfa da taba sigari, suna tura su Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano.

Wannan ciniki ya tsaya ne a kan sanayya. Maigida yana da yaransa da yake ba kaya bashi, baƙo yana da mai masauki da zai tsaya masa, tsakanin mai saye da mai sayarwa kuma akwai dillali wanda la'adarsa da mutuncinsa suka rataya a kan gaskiyar abin da ya faɗa. Mai sayen shadda yana warware ta, ya ɗaga ta a rana, ya murza bakinta da yatsa kafin a yi sallama, in kuma aibi ya bayyana daga baya ya san wanda zai kai wa ƙara da kuma dattawan da za su shiga tsakani. Ha'inci bai taɓa ƙarewa a kasuwa ba, sai dai mai yin sa yana da fuska da unguwa, kuma suna in ya ɓaci da wuya ya gyaru.

Daga wajen ƙarshen shekarun 1990 ƴan kasuwar Afirka ta Yamma suka fara yawan zuwa sari Dubai, daga baya kuma biranen Sin, inda ake iya ba masana'anta samfurin kaya ta buga irinsa a kan farashin da mai oda ya zaɓa. Wannan ya kawo wa talaka kaya masu sauƙin kuɗi, ya kuma buɗe ƙofar kwafin tambura. Zanen atamfar kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda asalinsa ya koma 1846, da shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya suna cikin abubuwan da aka fi kwaikwaya. Ana danganta rufewar masaƙun Kaduna da Kano da kwararar irin waɗannan kaya, wasu kuma suna ɗora laifin a kan ƙarancin wutar lantarki da tsadar aiki.

Abin da ya fi girgiza Nijar game da jabu ya faru ne a fannin lafiya. Lokacin annobar sanƙarau ta 1995 an gano cewa wasu alluran rigakafi da suka shigo ƙasar a matsayin gudunmawa ba su ɗauke da sinadarin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an yi wa mutane fiye da 50,000 wannan allura, an kuma ƙiyasta cewa rayuka kimanin 2,500 sun salwanta. A 2015 da 2019 hukumar ta sake fitar da gargaɗi a kan jabun alluran sanƙarau da aka samu a Nijar.

A duniya baki ɗaya, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta OECD da ofishin kare tambura na Tarayyar Turai sun ƙiyasta cinikin kayan jabu tsakanin ƙasashe a 2019 a kan dala biliyan 464, kusan kashi 2.5 cikin ɗari na cinikin duniya, kuma yawancin kamun da jami'an duwan, wato kwastam, ke yi ƙananan ƙunshi ne da ake aikowa ta gidan waya.

Yadda cinikin yake gudana

A Maradi cinikin intanet ya fi gudana a WhatsApp da Facebook da TikTok. Mai kaya yana sa hoto ko bidiyo, a yi ciniki ta saƙon murya, a tura kuɗi ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi, kaya kuma su iso ta motar haya daga Yamai ko Damagaram ko Kano, ko ɗan kabu-kabu ya kawo su in a cikin gari ne. Mata masu sana'a a cikin gida sun amfana ƙwarai da wannan hanya, kuma mafi yawan masu sayarwa mutanen kirki ne. Wasu ma su kansu ba su san cewa abin da suka saro jabu ba ne.

Alamomi kafin a biya

Tun da hannu ba ya kaiwa ga kaya, binciken yana komawa kan mai sayarwa da sharuɗɗan ciniki. Alama ta farko ita ce farashi: kayan da aka san kuɗinsa a babbar kasuwa, in aka gan shi a rabin farashi ba tare da dalili ba, akwai abin dubawa, domin kuɗin mota da na duwan da ribar ɗan sari ba sa ɓacewa don an sa kaya a waya. Ta biyu ita ce hoto. Masu ha'inci sukan ɗauko hoton talla daga shafin kamfani, don haka masu lura sukan nemi a ɗauko musu bidiyon kayan a take, a juya shi, a nuna tambari da lamba da bayan kwali, a kuma ambaci sunan mai saye a cikin bidiyon. Wanda kayan ke hannunsa ba ya jin nauyin yin haka. Sauran alamomin sun haɗa da shafin da bai daɗe da buɗewa ba, da yawan sauya lambar waya, da rufe wurin da masu saye ke bayyana ra'ayi, da gaggawar cewa saura ɗaya, da kuma sunan da ke kan lambar karɓar kuɗi in ya saɓa da na mai kaya. Mafi kariya shi ne a biya bayan an karɓa an duba, ko a ba da kafin alƙalami kaɗan, ko a wakilta wani sananne a garin da kayan suke ya je ya gani da idonsa, wanda shi ne aikin dillali na dā a sabuwar siga.

Alamomi a jikin kaya

Atamfar asali da aka rina da kakin zuma launinta yana ratsa fuska da baya kusan daidai, ta kwafi kuwa sau da yawa bugu ne a fuska ɗaya, bayanta ya yi fari-fari. A bakin turmi akan rubuta sunan kamfani da lambar zane, sai dai masu jabu sun iya kwafin wannan rubutu, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Shadda mai kyau auduga ce zalla, furanninta saƙa ne a cikin jikin yadi. Teloli suna da gwaji mai sauƙi: a zare ƴan zaruruwa daga bakin yadi a kusanta su da ashana, auduga za ta ci wuta ta bar toka mai laushi da wari irin na takarda, zaren roba kuwa zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Shaddar jabu takan yi sheƙi mai ɗaukar ido a bidiyo, sheƙin ya tafi a wankin farko.

Kowace wayar salula tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda take fitowa in aka danna *#06#, kuma ya kamata ta dace da wadda ke jikin kwali. Rashin dacewa alama ce babba, dacewa kuwa ba ta rufe magana, domin ana kwafin lambar. Katin memori na jabu yakan nuna girman da ba shi da shi, ana gane shi ne in an cika shi da bidiyo sannan aka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, sai a tarar wasu sun lalace. Cajar jabu ba ta da nauyi, tana zafi da wuri, tana kuma kashe batiri ko ta haddasa gobara. A turare da man shafawa ana duba rubutun kwali, da lambar rukuni, wato lambar da masana'anta ke bugawa a kan kayan da aka yi tare, in ta dace da ta jikin kwalba, da ranar ƙarewar aiki. An sha samun sinadarin makuri a wasu mayukan bilicin, wanda ke illa ga ƙoda da fata.

Magunguna

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko maras inganci, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da magungunan kashe ƙwayoyin cuta su ne aka fi kai rahotonsu. A nan duban ido ba ya wadatarwa, domin ƙwayar da babu komai a cikinta sai gari tana iya kama da ta gaskiya a launi da siffa, kuma ɗakin gwaji irin LANSPEX da ke Yamai ne kaɗai ke iya tabbatarwa. A Najeriya hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta ƙaddamar a 2010 da tsarin kankare lamba a jikin kwali a tura ta saƙon waya don a tabbatar ko maganin na asali ne, tsarin da aka gina don layukan ƙasar. Abin da ma'aikatan lafiya suke nanatawa shi ne kada a sayi magani ta waya ko a kan tebur, a je farmasi mai izini, musamman in na yaro ne ko na mai juna biyu. A watan Janairun 2020 Nijar tana cikin ƙasashen Afirka bakwai da suka shiga yarjejeniyar Lome ta tsananta hukunci a kan fataucin jabun magunguna.

Shari'a da doka

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne aka fi bi a yankin, ya halatta a sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, amma in ya iso ya saɓa wa siffar da aka faɗa, mai saye yana da damar fasawa, haka nan in aka ɓoye masa aibi yana da haƙƙin mayarwa. Malamai suna kafa hujja da hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

A ɓangaren dokar ƙasa, Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a watan Yulin 2019, wadda ta shafi damfara ta hanyar na'ura, kuma wanda aka cuta yana iya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma da rasit ɗin tura kuɗi da saƙonnin ciniki. Bin sawu yana wahala in mai kayan yana ƙetaren iyaka. Kare tambura kuwa yana hannun ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 1977, Nijar kuma mamba ce a cikinta. A shekarun baya-bayan nan an yi wa wasu kayan Nijar rajista a wannan ƙungiya domin kare sunansu daga masu kwaikwayo, daga ciki akwai kilishi da albasar Galmi.